Lamba Ɗari Tara da Bakwai

Litinin, 9 ga Satumba, 2013. Anka, bayan la'asar.

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta gyare-gyaren manhaja. Ga shi zan buɗe shi da abin da ba gyara ba.

Yara goma sha biyu sun ɓace daga kwamfutar asibiti. Sista Hamida ce ta gano. Ita ce babbar nas a sashen da ƙungiyarmu ke kula da yaran da gubar dalma ta kama a ƙauyukan masu haƙar zinari. Duk Litinin takan buga jerin yaran da za a je a kira su karɓi magani. Yau ta buga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Nafi'u, ina yaran Gwashi?" Na ce suna ciki. Ta juyo mini da kwamfutar. Lamba 899, sai 912. Tsakani babu kowa.

Ni na rubuta manhajar, tun bara. Kowane yaro yana da fayil ɗinsa: suna, ƙauye, sunan uwa, awon jini, ranar dawowa. Ba wani babban abu ba ne, amma da shi Malam Rabe, mai zuwa ƙauyuka kiran yaran, ke sanin ƙofar da zai tsayar da babur ɗinsa.

Na ce mata zan duba.

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe goma na safe.

Filashin da muke ajiye kwafi a ciki ba shi da su. Duk Asabar sabon kwafi yake hawa kan tsoho, kuma Asabar biyu sun wuce.

Saura rajistar takarda, wadda aka cike a ƙauyukan Gwashi ranar 20 ga Agusta. A hanyar dawowa ranar mota ta kafe a rafi, littafin ya sha ruwa. Maimunatu, mai shigar da sunaye a kwamfuta, ta kwafe shi tun yana da laima, sannan aka jefa shi kan kabad ya bushe, shafukan suka manne. Tun safe ita da Sista suke ɓamɓare su da reza a kan tebur. Sun samo suna goma sha ɗaya. Layin ƙarshe na shafin, inda laka ta taru, ya tafi tare da takardar.

Lamba 907.

Na je ɗakin awon jini na nemo takardunsu. Su lamba kawai suke rubutawa, ba suna. Goma sha ɗayan da sauƙi, ko da yake huɗu na bukatar magani. Na 907 ya haura abin da na'urar take iya aunawa.

Talata, bayan azahar.

Ban ci abincin rana ba. Ba don komai ba, zafi.

Laraba, 11 ga Satumba, ƙarfe tara na safe.

Bari in rubuta yadda gwajin yake, don kaina.

Duk lokacin da na taɓa manhajar, akwai gwaje-gwaje arba'in da ɗaya da ke gudana da kansu, su tabbatar ban ɓata wani abu ba. Gwaji ba ya yiwuwa sai da yara, don haka yakan ƙirƙiro yaran ƙarya guda goma sha biyu, ya rubuta musu fayiloli na wucin gadi, ya auna su, ya ba su ranar dawowa. In komai ya yi daidai, layi ya fito kore.

A watan Mayu na manta da fayilolin nan a folda, ɗaya ya shiga jerin Litinin. Malam Rabe ya yini a rana yana neman wani yaro Tsoho Ɗantani a Bagega, har mai unguwa ya tara mutane. Da ya dawo na gaya masa ni na ƙago sunan, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni ban yi dariya ba. A ranar na rubuta abin da nake kira shara: da gwaji ya ƙare, ta bi ta goge fayilolin yaran ƙarya. Tun bara na ba yaran ƙaryar lamba 900 zuwa 911, don a lokacin muna da yara ɗari huɗu da 'yan kai, kuma a raina na ce ba za mu taɓa kaiwa ɗari tara ba. In sha Allahu, na ce.

Sharar ba ta tambayar wa ya rubuta fayil. Lamba take dubawa.

An kunna gwajin a kwamfutar asibiti ranar Juma'a, 30 ga Agusta.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar.

An yi taro a ofishin Malam Abdulƙadir, shugaban aikin. Mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya tambayi su wa ke taɓa kwamfutar. Sista ta ce ita da Maimunatu, sai ni in gyara ya taso. Direba ya ce ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga ta filashi. Malam Abdulƙadir ya dubi Maimunatu ya ce, "Ko kin danna wani abu ba ki sani ba?"

Ta ce, "Wallahi Malam ban sani ba. In na danna, ban sani ba."

Aka ce ta dakata da kwamfuta, ta koma jera katuna har a gama bincike. Aikinta na wata uku-uku ne, ƙarshen watan nan ake sabuntawa. Kowa ya sani, ba wanda ya ambata.

Ya juyo gare ni. Na ce ina kan bincike.

Juma'a, 13 ga Satumba, kafin masallaci.

Akwai hanyar tono fayil da aka goge, in ba a rubuta wani abu a gurbinsa ba. Na gwada, kuma ya yi. Duka goma sha biyun suka dawo. Har na miƙe zan kira Sista, sai na ce bari in buɗe 907 tukuna.

Tsoho Ɗantani. Shekara huɗu. Bagega.

Kafin shara ta goge su, gwajin ya riga ya rubuta yaransa a kan na gaskiya. Na koma na zauna. Na rufe kwamfutar na tafi alwala.

Asabar, 14 ga Satumba, hantsi.

Ruwa tun asuba. Malam Rabe ya kai bakin rafi ya juyo.

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma.

Malam Rabe ya dawo, laka har gwiwa. Ya samu tara cikin goma sha ɗayan, sauran biyun sun tafi biki, gobe zai koma. Masu bukatar magani huɗu mota za ta ɗauko su.

Kowace uwa ana ba ta kati mai lambar ɗanta, shi ne abin da ya rage mana. Gida-gida ya bi yana cewa a fito da kati. Ya zauna a benci yana kankare takalminsa da tsinke, ya ce, "Malam Nafi'u, ƙauye ukku munka yi rannan, ga rugage. Wasu sun sa katin cikin ƙwarya, wasu yara sun yi wasa da shi. Wata ta ce akuya ta cinye. Mi zan ce musu nika nema? Namiji ko mace?"

Na ce ban sani ba.

"Shekara nawa?"

Ban sani ba.

Ya ce, "To. Allah shi sa a dace." Bai ce komai kan kwamfuta ba. Da ya ce, da ya fi mini sauƙi.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya.

Na fara gyaran sharar. Arba'in da ɗaya, duka kore. Ranar 30 ga Agusta ma duka kore suka fito.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan azahar.

Maimunatu ta zo inda nake zaune da kwalin katuna a hannunta. Ta gaishe ni, ta tsaya. Ta ce, "Malam Nafi'u, don Allah in ka gano abin da na danna, ka nuna mini. Ko sun sallame ni, ina so in sani, kada in je wani wuri in sake."

Na ce to.

Ta ce kwana uku ke nan tana tuna yatsunta, inda suka bi ranar. Ta ce mijinta ya ce ta bar aikin tun kafin a kore ta, ita kuma ta ce sai an ga yaron.

Na ce to. Sau biyu na ce to. Sannan na ce mata ina da kira, na fita bayan ofis na tsaya kusa da janareto, inda ba a jin magana.

Ƙanwata Asma ta bugo daga gida, Gummi, ta ce shinkafar fadama ta fara fitar da kai, Inna na tambayar yaushe zan zo. Ta ce muryata ta canza. Na ce mura.

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe.

Na duba abin da na rubuta ranar 11 ga wata. "An kunna."

Ni na kunna. Janareto ya ƙona cajar kwamfutata ranar Alhamis ɗin, ina da ɗan gyara da nake son gamawa kafin in tafi masallaci, kwamfutar asibiti na kan tebur ba kowa. Na sa filashina, na kunna gwajin, ya yi kore cikin minti ɗaya, na cire na tafi. Na san da haka tun lokacin da Sista ta juyo mini da kwamfutar na ga 899. Kwana goma ke nan.

Alhamis, bayan azahar.

Na sami Sista Hamida a sito tana ƙirga kwalaben magani. Na faɗa mata duka, a tsaye. Ba ta daina ƙirgar ba sai da ta kai ƙarshen layin. Ta rubuta adadin, ta rufe biro.

Ta ce, "Kuskuren ban ji zafinsa ba, Nafi'u. Ni ma na taɓa ba yaro maganin wani. Kwana goman nan ne. Yarinyar nan ko abinci ba ta ci."

Na ce haka ne.

"Ba ni za ka gaya wa haka ne ba. Mu je wurin Malam."

Malam Abdulƙadir ya saurara har na gama. Ya ce in rubuta a takarda in sa hannu, zai aika sama, abin da suka ce shi ke nan. Ya sa aka kira Maimunatu, ya ce ta koma kan kwamfutarta yau. Ya ce mata, "Ni ma na yi gaggawa. Ki yi haƙuri." Ta dube shi, ta dube ni, ta fita.

Juma'a, 20 ga Satumba, ƙarfe goma na safe.

Na ba Maimunatu haƙuri a gaban Sista. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban nema ba.

Can wajen awa ɗaya tana buga sunaye, sai ta tsaya. Ta ce, "Sista, Barakatu." Sista ta ce wace? Ta ce, "Layin ƙarshe na shafin nan. Barakatu ce. Na tuna, don sai da na ɗaga takardar a hasken taga kafin in karanta, na ce sunan ƙanwata." Ta ce duk kwanakin nan tunaninta na kan abin da ta danna, bai taɓa zuwa kan abin da ta karanta ba.

Sista ta dafe goshi. Ta ce a ƙauye na biyu akwai wata mai tsohon ciki da ta zo a makare, da yarinya a kafaɗa, har aka ba ta kujera.

Mace ce. Tana da suna.

Lahadi, 22 ga Satumba, hantsi.

Na wanke kayana. Na sayi caja, na mayar da ta aro.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar.

Malam Rabe ya samo gidan. A tsakar gidan har yanzu akwai turmin da ake daka dutsen zinari. Uban, Hammadu, ya tafi haƙa wani daji, ba waya. Wata tsohuwa a gidan ta ce matar, Lubabatu, ta tafi gidansu haihuwa da yarinyar, mako uku ke nan. Ina ne gidansu? "Can gehen Gummi, cikin masu su." Sunan tungar masuntan ya ɓace mata.

Na bugo wa Inna. Ban yi mata bayanin kwamfuta ba, na ce akwai yarinya marar lafiya da muke nema, kuma sakacina ne ya sa ba a same ta da wuri ba. Ta ce, "Ɗiyar wa ta?" Na faɗa mata abin da na sani. Ta ce, "Mai ciki ba ta ɓacewa. Bari in aika wa Aisatu." Aisatu ungozoma ce, ita ta yanke mini cibiya, kuma rabin tungayen bakin gulbi ita ke zuwa musu.

Talata, 24 ga Satumba, azahar.

Shiru.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma.

Inna ta bugo da wayar Asma. "Aisatu ta ce ba ita ta karɓi haihuwar ba, amma ta ji. Tungar Abdullahi, ƙetaren ruwa. Namiji anka samu, shekaranjiya anka yi suna. Ka taho da kanka, kada ka aiko."

Alhamis, 26 ga Satumba, Gummi, bayan la'asar.

Mun fito Anka da sassafe, ni da Sista da Malam Rabe. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, muka shiga kwalekwale. Ruwa ya cika fadama, shinkafa kore har iyakar gani, ban iya kallonta sosai ba.

Lubabatu na zaune a ɗaki da jariri. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi shekara ashirin da biyu ba. Da Sista ta tambayi kati, Lubabatu ta sa aka sauko da wani kwanon sha daga jere, ta buɗe. Yana naɗe cikin leda, ko lanƙwasa babu. 907.

Ta ce, "Kun ce za a aiko in an ga wani abu. Da ban ji ba, na ce lahiya lau ta."

Barakatu na kwance a tabarma bayan ƙofa. Ba ta tashi ba da muka shiga. Kakarta ta ce kwana biyar ke nan ba ta son abinci, tana amai, shekaranjiya kuma ta sandare sau ɗaya, suka yi mata hayaƙi. Sista ta durƙusa ta duba idonta, ta kira sunanta. Ta ɗago a hankali. Sista ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, "Je ka ce wa mai jirgi kada ya tafi."

Kakan ya so ya hana, don mai jego ba ta fita kafin arba'in. Malam Rabe ya ja shi gefe ƙarƙashin mangwaro, ban ji abin da suka ce ba. Da suka dawo tsohon ya ce kakar ta bi su, ta riƙa dafa ruwan wanka a can.

Na tsaya gida minti goma. Inna ta ba ni fura a jarka ta ce in kai wa mai jego.

Asabar, 28 ga Satumba, Anka, ƙarfe tara na safe.

An kwantar da ita, an fara magani tun shekaranjiya. Ba ta sake sandarewa ba.

Na tambayi Sista, da an kira ta ranar 2 ga wata, da ba ta kai haka ba? Ta ce, "Babu likitan da zai iya faɗa maka i ko a'a. Kada ka sake tambayata." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan azahar.

Na gama da sharar. Yanzu duk lokacin da gwaji zai fara, sai ya buɗe sabuwar folda tasa ta wucin gadi, can nesa da ta asibiti, ya yi duk abin da zai yi a ciki. Shara kuma ba ta san lamba ba. Foldar da gwajin ya buɗe ita kaɗai take ɗaukewa, ko gwajin ya wuce ko ya faɗi a tsakiya. In manhajar ta ga fayil ɗin yaro na gaskiya ko ɗaya a kwamfuta, gwajin ba zai ma tashi ba. Yaran ƙarya sun daina amsa sunan mutane, sun koma Gwaji Ɗaya, Gwaji Biyu. Kwafin Asabar kowanne da kwanan watansa, babu mai hawa kan wani.

Na ƙara gwaji guda: a ajiye fayil a gefe, a yi shara, a dawo a ga ko yana nan. Arba'in da biyu.

Na nuna wa Maimunatu, na ce ta gwada kunna shi a kwamfutarta. Ta ce, "Ni?" Na ce i. Ta danna, ya ƙi. Ta sake dannawa, ya ƙi. Ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta. An sabunta mata wata uku.

Sista ta ce duk da haka a sayo rajista biyu, ɗaya ta riƙa kwana a ofis. Ban yi musu ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, hantsi.

Takarda ta zo daga sama. Gargaɗi, kuma za a duba zamana a watan Disamba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar.

Awon Barakatu ya sauko, na'ura ta iya karanta shi. Da sauran tafiya, za ta yi zagaye na biyu bayan Sallah. Tana cin tuwo, tana bin kakarta har bakin famfo. Uwar ta ce maganarta ba ta dawo kamar da ba, da can bakinta ba ya hutawa. Sista ta ce a ba ta lokaci.

Gobe za su koma gida yin Sallah. Na ɗauki kwamfuta na je ɗakin da suke, na tsuguna daga bakin ƙofa. Na gaya wa Lubabatu cewa ba mantawa aka yi da ita ba, sunan 'yarta ne ya goge daga na'urar nan, kuma ni na jawo. Na yi ƙoƙarin bayanin yadda aka yi, na ga ba ta bi na, na bari.

Ta gyara wa jaririn kwanciya a cinyarta. Ta ce, "To yanzu sunan nata na ciki?"

Na ce yana ciki.

"Gwada min."

Na juya mata kwamfutar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba ta yi boko ba, in karanta mata. Na karanta: Barakatu Hammadu, mace, shekara uku, uwa Lubabatu.

Ta ce, "Ba ta cika ukku ba. Sai an yanke shinkafa."

Na gyara a gabanta. Ta ce in sake karantawa, na sake.